Kujerar Suruka a Gidanta: Daga Cadereyta Zuwa Kwazazzabon Zimapán

Wanda duk ya saba shiga harabar manyan otal-otal ko wuraren sayar da furanni ya san wannan tsiro ko da bai san sunansa ba. Dunƙulalle ne kamar kabewa, ba ganye ba reshe, jikinsa duk ƙaya ruwan zinare a jere layi-layi daga ƙasa har ka. Masana na kiransa Echinocactus grusonii, sunan da aka raɗa masa a 1886 don girmama Hermann Gruson, wani attajirin Jamus mai masana'antu a birnin Magdeburg wanda ya shahara da tara tsirran kaktus, dangin tsirran nan masu ƙaya da ke adana ruwa a jikinsu. A 2014 wani masani ya ware shi ya ba shi sunan Kroenleinia, don haka za ka ga sunayen biyu a jikin ledar iri, duk abu ɗaya ne. A Meziko biznaga dorada suke ce masa, masu barkwanci kuma su ce asiento de suegra, wato kujerar suruka. A wajenmu kunyar surukuta ba za ta bar kowa ya furta wannan suna a gaban manya ba.

Abin da ya kai ni ƙasarsa shi ne wani lamari mai ɗaure kai. Ana rainon miliyoyinsa a Turai da Asiya da Amurka, amma a gidansa na asali yana cikin jerin tsirran da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna fuskantar ƙarewa, dokar Meziko ma ta sa shi cikin waɗanda ake karewa. Sannan mu da ke rainonsa a ƙasar Hausa kusan kullum damina ce ke kashe mana shi, alhali a can ma ruwa na dukansa kowace shekara. Na so in ga ƙasar da yake zaune a kai da idona.

A farkon watan Yuni na tashi daga birnin Querétaro a motar haya zuwa Cadereyta de Montes, tafiyar kilomita 70 da ɗoriya. A hanya ana hango Peña de Bernal, wani dutse ƙwaya ɗaya tilo da ya miƙe sama, wanda zai tuna wa ɗan Najeriya da dutsen Zuma. Cadereyta na kan tudu da ya kai mita 2,000 daga saman teku, sama da Jos ke nan nesa ba kusa ba. Da rana zafi na cizo, amma da an yi magariba sai ka nemi rigar sanyi. Ka riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Garin na da wurare biyu da mai sha'awar kaktus ba ya wucewa: lambun tsirrai na jiha da ke bakin gari, da Quinta Schmoll, tsohon gidan raino da wani Bajamushe ya kafa kimanin shekara ɗari da suka wuce. A nan na fara ganin manya, waɗanda faɗinsu ya doshi santimita 80, da haƙarƙari fiye da 30. Tsakiyar kansu lulluɓe da wani gashi mai kama da auduga, furanni rawaya suna leƙowa daga cikinsa a zagaye kamar rawani. Furen ba ya buɗewa sai rana ta take, kuma tsiron ba ya fara fure sai ya kusa shekara 20 ko fiye. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ake zuba wa tukwanen. Ba yashi ba ne. Tezontle ne, wani jan dutsen aman wuta mai huji-huji, da tepojal, farin dutse marar nauyi da ke iya yawo a kan ruwa, sai ɗan ruɓaɓɓen ganye kaɗan.

Washegari muka nufi gabas. Hanyar tana gangarawa cikin ƙasar da suke kira semidesierto, wato rabin hamada: ƙananan itatuwan ƙaya irin meskit masu kama da bagaruwa, da agabe mai kaurin ganye da tsini a kai, da garambullo mai rassa kamar yatsun hannu, wanda ake sayar da 'ya'yansa shuɗi-shuɗi a bakin hanya a wannan lokaci. Aka wuce Bella Vista del Río, garin da aka gina wa mutanen ƙauyukan da ruwa ya cinye. Daga nan hanya ta dinga kutsawa ta cikin duwatsu har muka tsinci kanmu a bakin madatsar Zimapán, a kan iyakar jihohin Querétaro da Hidalgo.

A nan kogin Tula da kogin San Juan suke haɗuwa su zama kogin Moctezuma, a cikin wani matsattsen kwazazzabo. A farkon shekarun 1990 aka toshe bakin kwazazzabon da bangon kankare da tsayinsa ya haura mita 200 don samar da lantarki, ana jan ruwan ta ƙarƙashin dutse tafiyar kilomita 21 zuwa gidan injuna masu ba da megawat 292. Ruwan da ya taru ya haɗiye babban ɓangare na gangaren da kujerar suruka ke zaune. Masana tsirrai sun kwashe abin da suka iya kafin ruwa ya iso, amma mai tonon tsiro a jikin dutsen da ya miƙe tsaye ba zai kwashi da yawa ba. Kafin zuwan madatsar ma an daɗe ana haƙe su ana fita da su. Daga baya an gano wani rukuni a jihar Zacatecas, can nesa, abin da ya ɗan sanyaya zuciya.

Ba zan faɗi daidai wurin da muka tsaya ba, kuma haka al'adar masu wannan harka take, don duk wurin da aka bayyana a intanet ɓarayi ne ke fara isa. Da madubin hangen nesa na gan su, a kan tsayin da ya kai mita 1,400. Ba a ƙasan kwari suke ba, ba kuma a saman tudu ba. Manne suke a jikin bangon dutse, ɗaya nan ɗaya can, wasu a kwance a gicciye kamar an kafa su da ƙusa, inda akuya ma sai ta yi tunani kafin ta taka. Waɗanda suka rage ɗin, wuyar wurin ce ta cece su. Ba su da kyan na otal. Gindinsu ya yi ɓawo, ƙayar ƙasa ta yi toka-toka, kan kowanne ya karkata wajen rana.

Wajen la'asar hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya na kusan minti 20. Ruwan ya dinga zubowa ta jikin dutsen yana wanke gindin tsirran yana wucewa. Kafin awa guda rana ta fito, iska ta taso daga kwarin, dutsen ya bushe ƙayau. Na tona wata tsaga kusa da hanya da ɗan yatsa: burbushin dutse ne da ɗan baƙin ruɓaɓɓen ganye da bai fi kaurin yatsa biyu ba, da danshi amma ba caɓi. Amsar da na zo nema ke nan. Tsiron nan ba ruwa yake tsoro ba, ruwan da ya zauna yake tsoro. Saiwarsa ba ta nitsawa ƙasa, yaɗuwa take yi a kaikaice cikin tsagogi, ta sha da sauri, ta koma shan iska. Yankin na samun ruwan da bai fi milimita 400 zuwa 500 ba a shekara, galibi daga Yuni zuwa Satumba, kusan irin na Damagaram a yawa da lokaci, sai dai ƙasar da yanayin dare sun sha bamban.

Batun dare kuwa, ga yadda yake. Kaktus ba ya buɗe ƙofofin numfashinsa da rana kamar gero ko masara. Da dare yake buɗewa ya ɗauki iskar da yake haɗa abinci da ita, ya adana, da rana ya rufe ya yi aiki da hasken. Wannan dabara tana tafiya daidai ne idan dare ya yi sanyi. Idan dare ya ƙi sauka ƙasa da digiri 27 ko 28, kamar yadda ake yi a Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu da Mayu, sai tsiron ya tsaya cak, ya daina sha. Mai shi kuma yana ganin zafi sai tausayi ya kama shi ya ƙara ruwa. Ruwan ya zauna cikin ƙasa mai zafi kusa da saiwar da ba ta aiki, cikin mako biyu gindi ya ruɓe. Yawancin waɗanda ake cewa rana ta kashe, buta ce ta kashe su.

Wani abin da ya kamata a raba: ƙerana da tinya da aguwa na dajinmu ba kaktus ba ne, ko da sun yi kama. Dangin kaktus 'yan nahiyar Amurka ne. Idan ka soki ƙerana farin nono mai guba zai fito, kujerar suruka kuwa ruwa ne garai-garai a cikinta. Ƙerana tana jure markar Agusta a fili, wannan ba ya jurewa, don haka kada a yi musu raino iri ɗaya.

Ba mu da tezontle a kasuwa, amma aikin da yake yi ana iya samunsa. A mudu goma na haɗi, sa mudu huɗu na tsakuwar kwari, wato fasasshen dutsen da masu gini ke saye, mai girman ƙwayar masara zuwa ta wake. Mudu uku na gasasshen jan bulo ko fasasshiyar tukunya da aka daddaka zuwa wannan girman. Mudu ɗaya na gawayi dakakke. Mudu biyu na ruɓaɓɓen ganye da ya zama baƙar ƙasa. Wanda ke kusa da Panyam a Filato ko tudun Biu zai iya samun dutsen aman wuta mai huji, ya sa shi a madadin bulo. Kowane kashi a tankaɗe shi a rariya a zubar da garin, a kuma wanke tsakuwar, don garin ne ke toshe ramukan iska. Yashin rafi mai laushi kada ya shiga ko kaɗan, idan ya jiƙe daskarewa yake kamar siminti. Gwajin mai sauƙi ne: ka cika tukunya, ka zuba kofin ruwa. Idan ka ƙirga goma ruwan bai ɓace daga sama ya fara fita ta ƙasa ba, haɗin bai yi ba, ƙara tsakuwa.

Tukunyar ƙasa marar fenti ta fi ta roba a zafinmu, don tana zufa tana sanyaya saiwa. Ta zama mai faɗi ba mai zurfi ba, ta fi tsiron da yatsa biyu kawai ta kowane gefe, da huji a ƙasa wanda babban yatsa zai shige. Babbar tukunya ga ƙaramin tsiro kabari ce, don ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ba ta bushewa. A ɗora ta kan bulo biyu, iska ta bi ta ƙasa, gara kuma ba ta samu hanya ba.

Wanda aka sayo daga mai furanni kusan kullum yana cikin baƙar ƙasa mai riƙe ruwa, dole a canza. Naɗe shi da tsohon buhu ko jarida ninki da yawa, ka kifa, ka kakkaɓe tsohuwar ƙasar gaba ɗaya da tsinke, ka yanke duk saiwar da ta yi baƙi ko ta yi laushi da wuƙar da ka goge da sifirit. Ka bar shi a inuwa, saiwa a waje, kwana biyar zuwa bakwai. Ka dasa cikin busasshen haɗi daidai inda ƙasa ta tsaya masa a da, ka zagaye wuyansa da tsakuwa zalla kaurin yatsa biyu, sannan ka ƙara haƙuri kwana goma kafin ruwan farko. Saiwar da ta ji rauni idan ta haɗu da ruwa nan take, funfuna ce ke shiga ta raunin.

Ban ruwa kuma ba da ranakun mako ake yinsa ba. Soka tsinken tsire har ƙasan tukunya, ka bar shi minti biyar, ka zaro. Idan ya fito da sanyi ko danshi, ajiye buta. Idan ya fito a bushe, ƙara kwana biyu sannan ka zuba sosai har ya fita ta huji, da yamma, a gefen tukunya ba a kansa ba. Lokacin girmansa a wajenmu biyu ne: farkon damina, Yuni zuwa tsakiyar Yuli, da kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. A waɗannan watanni zai iya neman ruwa duk kwana bakwai zuwa goma. Da marka ta kankama a Agusta, a shigar da shi ƙarƙashin rufin roba mai haske wanda gefensa ke buɗe, don Kano da Zariya na samun kusan ninki biyu na ruwan Cadereyta, ga kuma kwanakin da rana ba ta fitowa. Hunturu hutunsa ne, kamar yadda yake hutawa a can daga Nuwamba zuwa Afrilu: sau ɗaya a wata ya isa, a kuma dinga share masa ƙura da busasshen buroshi. A tsakiyar bazara a rage ruwa, a ƙara inuwa. Ruwan sama da aka tara ya fi na burtsatse, wanda kan bar farin gishiri a bakin tukunya ya ƙona kan saiwa.

Taki kaɗan yake so, sau biyu ko uku a shekara, a lokacin girma kawai. Takin ruwa irin na tumatir, wanda sinadarin ganye ya yi ƙaranci a cikinsa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba. Yuriya da kashin kaji kumbura shi suke yi, fatar ta tsage, ƙayar ta fito siririya marar launi.

Rana yana sonta, ita ce ke ba ƙayar launin zinare, amma wanda ya taso a inuwar gidan raino idan aka fito da shi tsakar gida a watan Maris yini ɗaya ya isa ya ƙone. Ƙunar fari-fari take fitowa a kan haƙarƙarin da ke fuskantar yamma, kuma tabon ba ya gogewa har abada. A fara da ranar safe awa biyu, ana ƙara awa guda duk mako. Daga Maris zuwa Mayu a sa masa ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. A yi wa tukunyar alama da alli ta gefen gabas, don idan an ɗaga a mayar da ita yadda take, gefen da bai saba da rana ba shi ke fara ƙonewa. Kishiyar wannan ita ce rashin haske: wanda aka ajiye a falo kansa yake tsini ya yi fari kamar tulu, ba ya kuma komawa daidai.

Idan gindi ya yi laushi ko ya fara wari, cire shi nan take, ka yanka a gicciye har sai ka ga nama fari tas ba ɗigon ja ko ruwan ƙasa a tsakiya, kana goge wuƙa bayan kowane yanka. Barbaɗa garin farar wuta, ka jingine shi a inuwa mai iska mako uku zuwa huɗu har wurin ya yi ɓawo, sannan ka ɗora kan busasshiyar tsakuwa. Wani ya fid da sabuwar saiwa bayan wata biyu ko uku, wani ba ya yi. Idan ruɓar ta haura ta tsakiya har kusa da ka, a jefar da shi tare da ƙasarsa. Ƙwarin da suka fi damunsa su ne fararen nan masu kama da auduga da ke ɓuya a gindin ƙaya, ana goge su da auduga da sifirit. Akwai irinsu na cikin ƙasa: idan tsiro ya daina girma ba dalili, zare shi ka duba, za ka ga farin gari a saiwa da bangon tukunya. Wanke saiwar, a bar ta ta bushe, a canza ƙasa da tukunya duka. Yawan tururuwa a kusa alama ce, su ke kiwon waɗannan ƙwari.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta iri. Ƙwayar ƙarama ce, ba ta kai riɗi ba. A yi haɗin nan amma a tankaɗe shi ya zama kamar ƙwayar gero, a jiƙa, a turara a madambaci minti 30 kamar ana dambu, a bari ya huce. A zuba a ƙaramin kofin roba mai huji, a warwatsa iri a sama ba tare da binnewa ba, a tsoma gindin kofin cikin tafasasshen ruwan da ya huce har danshi ya hau, a sa cikin farar leda a ɗaure. A ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukan ledar, in ba haka ba dafa su za ta yi. Zafin digiri 22 zuwa 28 suke so, don haka Oktoba da Nuwamba ko farkon Fabrairu sun fi dacewa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga 'yan korayen ƙwallaye. A bar su a rufe wata uku, sannan a fara huda ledar kaɗan-kaɗan cikin mako biyu. Jarirai ba sa jure bushewa kamar manya, a shekarar farko kada ƙasarsu ta bushe ƙayau. Idan suka yi ja, haske ya yi yawa. Idan suka yi tsawo siriri, ya yi kaɗan. Idan suka faɗi suka narke, funfuna ce, ko dai turarawar ba ta yi ba ko an dinga buɗe ledar ana leƙe. A rufe su da waya bayan an cire leda, don ƙadangare da kaji. Kada ka yi zaton an cuce ka idan ka ga ƙananan ba su da haƙarƙari sai ƙulli-ƙulli, haka suke har shekara uku ko huɗu, lokacin da suke kai girman lemun zaƙi.

Ban ɗauko ko ƙwaya ɗaya daga kwazazzabon ba. Dangin kaktus na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, kuma irin da ya fito daga Meziko ma sai da takardar izini ake fita da shi. A cikin ƙasar, gidajen rainon da ke da rajista ne kawai ke sayarwa da shaida. Babu ma dalilin sata, don irin da aka samo daga tsirran lambu a wasu ƙasashe yana da arha kuma ya fi tsira. Mai shigo da shi Najeriya ya nemi izinin hukumar NAQS, mai tantance tsirrai da kayan noma da ake shigowa da su, tukuna. Idan kuma aka tallata maka babba mai tabo, gindi duk ɓawo, saiwa a guntule kamar an sare ta da adda, ka tambayi inda aka raine shi. Na gidan raino zagayayye ne daidai, ƙayarsa launi ɗaya daga sama har ƙasa, saiwarsa kuma ta ɗauki siffar tukunyar da ya fito daga ciki.